Zaren Hagu

Firam na saya a Oyingbo, tsirara,
ba taya, ba sirdi, ba sarƙa,
ƙashin keke kawai, ruwan toka,
da ragowar wani suna da iskar teku ta cinye.
Na rungumo shi a danfo har Agege,
kwandasta ya caje ni kuɗin mutum biyu.

Wata bakwai ina tara masa gaɓoɓi.
Albashin gadi ba ya gudu, rarrafe yake:
wannan wata birki, wancan wata ƙafa guda.
Ranar da cibiyar ta iso a kwalinta,
kofi biyu masu boris, da sandar da za ta ratsa su,
na shimfiɗa buhu gefen teburin Gwadabe mai shayi
na ce yau za a yi ta.

Kofin dama ya ƙi.
Na murɗa dama, yadda ake rufe kowace kwalba a duniya,
ya ci zare ɗaya, ya cije.
Na sa tsumma. Na sa doguwar sifana.
Gumi na ɗiga daga gemu, janareton maƙwabta na tari,
har na ɗaga guduma.

Hannu ya riƙe ta ta baya.
Baba Rasaki, wanda ya tsufa a ƙarƙashin kekunan mutane.
"Malam, wannan ɓangaren da hagu yake rufewa.
Abin da ka ɗauka baya, shi ne gabansa."
Ya share zaren da tsohon buroshin haƙori,
ya lakato giris,
ya juya da yatsa biyu kacal,
kofin ya shige kamar mai komawa ɗakinsa.

Na zura sanda, na ɗaura hannun feda, na girgiza.
Lako-lako.
Farantin sarƙa na lasar firam.
Baba bai ce komai ba, ya zazzage kwalin:
wata 'yar washa, ba ta fi kaurin farce ba,
wadda na ɗauka shara ce.
Ita ce duk rigimar.
Noti biyun ƙarshe kuwa, ba a gama da ɗaya a koma ɗaya,
kaɗan nan, kaɗan can,
kamar raba tsoka tsakanin yara biyu masu ido.

Lahadi, bayan asuba, kafin Legas ta tuna da hon,
na hau.
Layin dogo a gefena, Ikeja na matsowa da kanta.
Sai na ji: ƙas.
Duk saukar ƙafar hagu: ƙas.

Sau uku na kwance cibiyar nan.
Na wanke da kananzir, na sake giris,
na zargi feda, na zargi sirdi,
na zagi mutumin Oyingbo a zuci har da kakansa.

Baba ya rataye keken a igiya, ya juya feda.
Shiru, sai numfashin sarƙa.
Ya dube ni, ya daɗe.
"Tsuguna ka miƙo min sifanar can."
Na tsuguna.
Ƙas.

Gwadabe ya zubar da rabin kofi don dariya.

Shekara hamsin da huɗu,
sha tara daga ciki a tsaye bakin ƙofar wani.
"Wannan boris ɗin," in ji Baba,
"ba a sayar da shi a Oyingbo."

Na biya masa shayi da burodi mai ƙwai.
Na hau duk da haka.
Cibiya na juyawa ba ko tari,
gwiwa na ƙirga min hanya,
ɗari biyu da goma sha ɗaya zuwa saman gada,
inda na daina feda,
na bar gangara ta biya ni watanni bakwai.